Ɗana Na Neman Bindigar Da Zai Ajiye

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban kwamitin gyaran harkar tsaro da abokan aikinsa, manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda da ke zaune a sahun gaba, malamanmu da dattawanmu, baƙinmu da suka zo daga ƙasashe masu nisa, waɗanda ake fassara musu maganata a kunne, 'yan jarida, shugabar ƙungiyarmu ta iyaye mata, 'yan uwana mata da ke can baya, da waɗanda ba su samu kujera ba suna tsaye a bakin taga, jama'a maza da mata, manya da yara: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ranar da za a tara mu a ɗaki guda ba don makoki ba. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka tuna cewa mata ma suna da baki. Ina godiya ga 'yan uwana da suka zaɓe ni in tsaya a nan, ba don na fi su iya magana ba, sai don sun san ni ce wadda gobe ta fi tsaya wa a wuya. Da hannuna na rubuta abin da zan faɗa, kuma da furfura a kaina na shiga aji, saboda haka idan kun ji ina jan kalma, ku yi mini haƙuri.

Tun safe nake sauraron jawabai. Na ji an ce an karɓi makamai masu yawa. Na ji an ce an ɗinka sabon kaki, an yi wa ofisoshi fenti, an sayo motoci. Na ji an tafa, ni ma na tafa, don ba na so a ce ba ni da tarbiyya. Amma ni ba tafi ya kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne ɗana, autana, namiji ɗaya da ya rage mini a gida. Ya gama shawara da wani dillali zai ba shi injin waldar ubansa, shi kuma dillalin ya kai shi bayan gari ya karɓo bindiga. Gobe da safe za su tafi. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushi, abin da na samu kawai shi ne ya ce, "Inna, je ki taron naku. In kin dawo da wata magana, na fasa." To ga ni na zo neman maganar.

Yaron nan bai taɓa riƙe bindiga ba. Ina so ku riƙe wannan kafin in ci gaba. Duk tsawon shekarun da aka yi ana kashe-kashe, bai taɓa riƙe bindiga ba. Yau da aka yi sulhu, yau da kuke karɓar makamai, yau ne yake neman ta. Kuma ba daji zai shiga da ita ba. Ku zai kawo wa.

Magana ta farko, mai girma shugaba, ita ce ƙofar da kuka buɗe, da wanda kuka buɗe wa.

Maigidana mai walda ne. Shagonsa yana jikin gidanmu, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakina, har na saba barcin rana da ƙarar ƙarfe. Ƙyaure yake yi, da taga, da gado, da tankin ruwa. Lokacin da mayaƙa suka mamaye unguwarmu, sun zo masa da rana tsaka, ina tsakar gida ina wanki, ina jin komai. Suka ce ya ƙera musu mazaunin babbar bindiga a bayan mota, ya kuma riƙa gyara musu ƙanana. Ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ya ce musu, "Samari, ni ƙyaure nake yi, abin da mutum zai rufe ya kwanta. Wannan aikin naku ban koye shi ba." Suka ce zai koya. Suka sa shi a mota da rigar aikinsa. Injin yana kunne, ni na shiga na kashe shi. Har yau ban ga mijina ba, ban ga gawarsa ba, ban san inda zan tsaya in ce nan yake ba.

Bayan haka suka fara bin gida-gida suna kwasar samari. Akwai wani tankin ruwa da maigidan ya gama, mai shi ya gudu bai zo ya ɗauka ba. Duk ranar da muka ji motocinsu a bakin layi, sai in ce wa Auta ya shiga, in rufe murfin, in ɗora tsummoki a kai, in jawo kwanon wanki in zauna a gindi. Tankin ƙarfe ne, jama'a, kuma a rana yake. Wani lokaci idan na buɗe sai in tarar ya sume, sai na yayyafa masa ruwa. Ya sha ce mini, "Inna, gara su tafi da ni." Ni kuma in ce, "Shiga." Haka muka yi har aka gama yaƙi. Wasu matan sun ɓoye nasu a rufin ɗaki, wasu a ramin da suka haƙa a bayan gida, wasu sun sa musu zane da mayafi. Ga su can baya, ku tambaye su. Babu wanda ya ba mu umarni, babu wanda ya ba mu albashi. Mu muka hana wancan yaƙi samun 'ya'yanmu, tun kafin a kafa wani kwamiti.

Da aka yi sulhu, na yi murna kamar kowa. Wata rana na dawo daga kasuwa na ga an manna babbar takarda a bangon ofishin 'yan sanda, mutane sun taru. Na ajiye kayana na tsaya a rana ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. An rubuta cewa duk wanda ya kawo makaminsa sansani za a yafe masa, a horar da shi, a ba shi gurbi a sabuwar rundunar tsaro. Na sake karantawa daga sama, ko na tsallake layin da aka yi maganar waɗanda ba su da makami. Babu layin. A ranar na yi da-na-sanin zuwa aji. Da ban iya ba, da na ce mai karanta mini ne ya yi kuskure.

Na san dalilinku. An bayyana mana a rediyo: ana so a raba mayaƙa da bindigoginsu, kuma mutum ba zai saki abin da yake ci da shi ba sai an ba shi wani. Ban ce ƙarya ba ne. Amma ku ji abin da takardar nan ta zama bayan ta sauko daga ofishinku ta shigo layinmu.

Da farko kowace irin bindiga kuke karɓa, har ƙirar gida. Sai samari suka yi ta zuwa shagon Auta da guntayen bututu, suna cewa ya liƙa musu ƙota da kunamar harbi su kai. Ya ce ba zai yi ba, ubansa bai yi ba. Suka tafi wajen wani mai waldar, shi ya yi. Kafin wata ya ƙare, babu bututun ruwa ko ɗaya a unguwarmu, duk an tone an yanka. Muka wayi gari famfo ya ƙafe. Wata maƙwabciyata ta tsaya da bokitinta ta ce, "Ku taya mu murna, famfon layinmu ya riga 'ya'yanmu shiga aikin gwamnati." Muka yi dariya, muka ɗauki bokitai muka tafi rijiya.

Da kuka gane, sai kuka ce daga yau ƙirar kamfani kaɗai za a karɓa. Kun yi dabara. Amma ƙirar kamfani a ina take? Tana daji, a hannun waɗanda ba su yarda da sulhun ba. Nan da nan dillalai suka fito. Wanda jiya yake dillancin babura, yau dillancin bindiga yake. Ana sayar da gona a sayi bindiga, ana sayar da keken ɗinki a sayi bindiga, ana sayar da awakin uwa a sayi bindiga. Wallahi, jama'a, ban taɓa ganin bindiga ta yi yawa a unguwarmu ba kamar bayan da aka fara karɓar makamai. A cikin buhun gawayi take shigowa, a cikin katifa, a ƙarƙashin kujerar mota. Kuma abin da aka biya, wa yake karɓa? Mutanen dajin nan. Me suke saya da shi? Ku ne masana, ku faɗa mini.

Auta ya gwada bin hanyar gaskiya. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki takardun makarantarsa, ya je ya bi layi a ƙofar sansani. Da ya iso gaban teburi, jami'in ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ina naka?"

Ya ce, "Ba ni da shi, ranka ya daɗe. Ban yi yaƙi ba."

Jami'in ya ce, "To me ka zo ajiyewa?"

Sai wani daga cikin layi ya ɗaga murya ya ce, "A bar shi, tanki ya kawo!" Layi ya fashe da dariya. Don a unguwa kowa ya san labarin, Ɗan Tanki suke ce masa. Wani ya ce, "Ka koma Inna ta rufe ka, rana ta yi." Jami'in ba mugu ba ne, ya tsawata musu, ya sassauta murya ya ce, "Samari, wannan layin na waɗanda suka yi ne. Naku yana nan tafe, a kashi na biyu." Auta ya ce yaushe. Ya ce ba a sanar da su ba.

Yaron ya dawo gida. Ya shiga shago ya zauna a kan benci, babu wuta, babu aiki, don wa yake gini yanzu balle ya sa ƙyaure? Sai daga baya na ji labarin a bakin mata. Da na same shi da maganar, na ce ya bar su, aikin kaki ba dole ba ne. Ya ce, "Inna, ba kakin ba ne. Gobe waɗannan su ne hukuma. Su za su tsaya a hanya, su za su shigo gida, su za a kai wa ƙara. In babu irinmu ko ɗaya a ciki, wa zai tsare ki?" Har yanzu ina neman amsar. Ko akwai mai ita a sahun gaba, ya ba ni aro in kai masa.

Mai girma shugaba, kun sa wa ƙofar tsaron ƙasa makulli, kun ce bindiga ce mabuɗi. Wanda ya ƙona gida yana da mabuɗi. Wanda ya tare hanya yana da mabuɗi. Wanda ya ji maganar uwarsa ya zauna, shi ne aka ce ya jira. Me kuke so mu faɗa wa ƙananan da ke tasowa, idan wata fitina ta sake zuwa, Allah ya kiyaye? Da wane baki zan ce wa jikana ya ɓuya?

Magana ta biyu ita ce hanya.

Tsakanin inda ake sayo bindigar da sansanin da ake miƙa ta akwai shingen sojoji a bakin gada. Babu wata hanyar sai nan. Telan layinmu yana da ɗa, sa'an Auta ne, tare suka yi makaranta, yaro mai yawan dariya, ba ya iya yanka kaza. Shi ma ba shi da mabuɗi, sai ya je ya sayo. Ya naɗe ta a cikin tabarma ya ɗaure a bayan keke. A shinge aka ce ya kwance. Ya fara kwancewa yana bayani, yana cewa sansani zai kai, bakin bindigar ya leƙo, sojan ya harbe shi har lahira. Waɗanda suka gani sun ce sojan yaro ne shi ma, bayan ya yi harbin ya zauna a ƙasa. Ban zo in tsine masa ba. Shi abin da aka faɗa masa, duk wanda ya zo da makami daga wancan ɓangare maƙiyi ne. Babu wanda ya je ya ce masa an canza magana.

Tela ya je sansani, aka ce masa su karɓa suke yi, hanya ba tasu ba ce. Ya je bariki, aka ce masa su hanya suke tsaro, karɓa ba tasu ba ce. Ya dawo ya zauna a kan keken ɗinkinsa. Kun san aikin da yake yi yanzu? Sabon kakin da kuka raba ya yi wa yaran yawa, shi suke kawo wa yana rage musu tsawon wando. Yana durƙusawa yana auna ƙafarsu, suna ce masa, "Baba, ka yi sauri, muna da fareti."

Yau ga masu sansani ga masu bariki, kujerarku tana jikin ta juna, na ga ma kuna raɗa kuna murmushi. Tunda Allah ya haɗa ku a inuwa ɗaya, ina roƙonku ku gaisa da kyau, ku tambayi juna hanyar nan ta wace ce. Don ta nan ɗana zai bi gobe.

Magana ta uku ta fi yi mini nauyi, amma zan faɗa.

Ranar da aka tafi da maigidana, akwai yaro ɗaya a cikinsu da na sani. Ɗan maƙwabciyata ne, Tsito muke ce masa don ƙanƙantarsa. Na goya shi. Ya ci abinci a kwano ɗaya da Auta. Shi aka bari a bakin ƙofar shago da bindiga, kansa a sunkuye, bai yarda mun haɗa ido ba. Ban ce shi ya kashe ba. Ban gani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba a gaban Allah da gabanku. Amma yana cikin motar.

Da aka buɗe sansani, Tsito ya zo da bindigogi runguma guda. Aka ce ya nuna kyakkyawar niyya. Aka ba shi muƙamin saje. Sannan aka duba duk faɗin ƙasar nan, ba a ga inda ya dace da shi ba sai ofishin da ke bakin layinmu, wai don ya san unguwa. Ai kuwa ya san ta. Ya san kowane gida, ya san ta inda ake haurawa.

Kullum sai na wuce shi in zan je kasuwa. Yana gaishe ni, ba zan yi masa ƙarya ba. "Inna, ina kwana. Inna, a kawo kayan in riƙe miki." Rannan na tsaya. Na ce, "Tsito."

Ya waiga ya ga ko yaransa sun ji, ya ce, "Inna, Saje ake cewa yanzu."

Na ce, "Saje, ina kuka kai shi?"

Ya gyara hularsa. Ya ce, "Inna, an ce abin da ya wuce ya wuce. An sa hannu."

Na ce, "Ni ba a kawo mini na sa ba."

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna." Ya juya ya shiga ofis.

Uwarsa ƙawata ce, rijiya ɗaya muke ɗiban ruwa. Ita ma ba ta barci. Ta ce mini tun da ya dawo ba ya cin abinci sai ya juya wa ƙofa fuska, kuma ba ta taɓa tambayarsa komai ba, don tana tsoron ya ba ta amsa. Ban zo in ce a rataye ɗanta ba. Na gaji da gawa, ko ta wa ce. Amma kafin ku ɗora wa mutum igiyar saje a hannun riga, ba a zaunar da shi a tambaye shi? Kun ƙirga bindigoginsa, kun duba lambar kowacce, kun shafa musu mai kun jera a ɗaki mai makulli. Bindigar kun bincike ta. Hannun da ya riƙe ta fa? Wa ya zo layinmu ya ce, ku mata, kun san wannan? Da an tambaye mu, da mun faɗi na kirki a cikinsu, don akwai su. Akwai wanda ya buɗe mana hanya muka gudu, akwai wanda ya ga ƙafar yaro a ƙarƙashin gado ya ce babu kowa. Mun san su duka. Ba a tambaye mu ba.

Yanzu ku duba mini wannan lissafi. Idan Auta ya tsallake shinge da ransa, za ku rubuta shi a cikin tsofaffin mayaƙa, sunan da na ƙona fatarsa a tanki don kada ya ɗauka. Zai rantse cewa ya yi yaƙin da bai yi ba. Sannan ku ba shi kaki, ku turo shi ofishin bakin layi, ya ƙame ya sara wa Tsito. Wannan shi ne in an yi sa'a. Wannan shi ne abin da ake so in yi addu'a ya faru.

An ce mana gyara ake yi. Ni matar mai walda ce, na ga yadda ake gyara. Idan aka kawo ƙyauren da ya ruɓe, maigidana ba ya fara da fenti. Yana ƙwanƙwasa shi tukuna ya ji inda ya mutu, ya yanke wurin, ya kawo sabon ƙarfe ya liƙa. Sabon ƙarfen yana nan, jama'a. Yana zaune a kan benci a shagunan da babu wuta. Yana tura baro a kasuwa. Yana tsaye a bakin tagar nan yana leƙenku. Kun bar shi a waje kuna ta shafa fenti.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba shi da yawa.

Ku zo unguwanni ku tambaye mu kafin ku ƙara wa kowa girma, kuma wanda ya yi yaƙi a wuri kada a mai da shi mai tsaron wurin. Ku aika wa yaran da ke shinge magana ɗaya da ta sansani, yau, ba bayan an rubuta rahoto ba. Waɗannan biyun na san za ku ce sai kwamiti ya zauna. To ya zauna. Mun saba jira.

Na ukun ne ba zai jira ba. Mai girma shugaban kwamiti, ga lasifika a gabanka, kuma an ce mini gidan rediyo yana watsa wannan taro kai tsaye. Kafin a yi addu'ar tashi, ka miƙe ka faɗa da bakinka cewa saurayin da ya zo hannu wofi yana da layinsa, ka faɗi ranar da za a buɗe shi, ka faɗi ƙofar. Kada ka ce kashi na biyu. Kada ka ce nan gaba kaɗan. Kada ka ce ana duba yiwuwar. Na kai wa ɗana waɗannan kalmomi sau da yawa, ya san su, har yana riga ni ƙarasawa. Rana nake so, mai suna, wadda zan iya nuna masa a kalanda. Ba don Auta kaɗai ba. A layinmu kawai na san gidajen da aka riga aka yi ciniki, ana jiran gari ya waye.

Idan ka faɗa, zan koma gida da ƙafata in ce wa dillali ya nemi wani.

Idan kuma ba za ka iya ba, ba zan zage ka ba, wataƙila kai ma akwai wanda kake jira. Amma ina so ku sani tun yanzu, ku da ke sahun gaba, don kada gobe a ce ba a sanar da ku ba. Ba zan iya hana shi ba, ya girma, ya fi ƙarfina. Abin da zan iya shi ne in bi shi. Gobe zan ɗaura ɗamara in shiga motar dillalin nan. Idan aka miƙo bindigar, ni zan karɓa. Ba zan naɗe ta a tabarma ba, ba zan sa ta a buhu ba. A kaina zan ɗora ta kamar itacen girki, in sa ɗana a bayana, in nufi gada. Ku faɗa wa yaron da ke shinge cewa wata tsohuwa tana tafe, ya duba da kyau kafin ya ɗaga hannu. In ya harba, ni ya samu. In ya bar ni na wuce, zan zo ƙofar sansaninku in bi layi, in ajiye muku ita a kan teburi, ku rubuta ni a cikin mayaƙa. Sai ku ba ɗana gurbin, tunda gidanmu ya kawo abin da kuke so. Amma hannunsa ba zai taɓa ta ba ina raye.

Auta, na san kana ji. Kada ka kashe rediyon. Ba a tashi ba tukuna.

Ya Allah, ka ji ƙan waɗanda muka binne, ka ji ƙan waɗanda ba mu samu mun binne ba. Ya Allah, ka tsare yaran da ke tsaye a shinge, ka sanyaya musu hannu. Ka shiryi waɗanda suka dawo daga daji, ka ba su ƙarfin faɗin gaskiya, ka ba iyayensu barci. Ka ba shugabanninmu kunnen ji, ka ba su zuciyar da za ta yi sauri. Ka mai da kowa gidansa lafiya, ka sa ya tarar da 'ya'yansa a inda ya bar su. Amin.

Mai girma shugaba, zan koma kujerata. Tana can baya, amma ana ji sosai daga can.

Na gode.